Tafiyar Gembu: Nasiha Ga Ɗan Ƙanena

 Labari ya iso ni cewa ka ɗaura niyyar tafiya Gembu da motar nan taka, kai kaɗai, da lodin mazarƙwaila, har ka sa rana a cikin watan Agusta. A majalisar abokanka maganar ta fara fita, ta zaga ta shiga cikin gida wajen mata, sannan ta kai kunnen mahaifinka. A kan wannan zan fara yi maka faɗa, kuma ba zan ja shi da nisa ba. Wanda zai bar Dandamisa ya yi tafiyar da ta haura kilomita 1,000, ya taka jihohi shida kafin ya sauke kaya, iyayensa ne ya kamata su fara ji daga bakinsa, su sa masa albarka, su kuma san inda za su nema in an kwana biyu ba a ji ɗuriyarsa ba. Ka je ka ba mahaifinka haƙuri. Ransa ya sosu, ko da yake ka san halinsa, ba zai buɗe baki ya faɗa maka ba.

Neman na kai kuwa babu mai hana ka, ni ma abin ya burge ni. Sa'anninka da yawa suna nan gindin bishiya suna jiran a buga gangar siyasa, kai kuwa ka tara kuɗin rake da na acaɓa har ka mallaki mota 'yar Kwatano, kana hangen kasuwar da ba kowa ya hango ba. Mutanen Makarfi da Kudan da Ikara dama ba mazauna wuri ɗaya ba ne, rakenmu da tumaturinmu da barkononmu sun san hanyar Kano da Legas da Fatakwal. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, duk tuƙin da ka iya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ka koye shi. Daga nan zuwa Makarfi, daga Tashar Yari zuwa Zariya ko Kano, ina hawan da ya taɓa tilasta maka komawa giya ta biyu? Dutsen Kufena ma kallonsa muke yi daga nesa, ba a hawa shi da mota. Ƙasar Zazzau tudunta bai wuce kamar mita 650 daga saman teku ba. Mambila kuwa, inda Gembu take, tsaka-tsakin tudunta ya kai mita 1,600, babu tudun ƙasa mai faɗi da ya kai ta tsawo a Najeriya. Kuma mafi yawan wannan bambanci a wuri ɗaya za ka hau shi, daga Mayo Selbe da ke gindin dutse zuwa Maisamari da ke samansa, a kan hanya mai kwana bisa kwana, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗaya hannun.

An ce mini da aka tambaye ka ko ka san hanya, sai ka ɗaga waya ka ce ai komai na ciki. Ɗana, Google Maps abu ne mai amfani, ni ma nakan sa yara su duba mini. Amma sa'o'in da yake lissafa maka, yana lissafa su ne kamar titin lafiya lau yake, babu rami, babu shinge, babu tirelar da ta kife ta tare hanya. A daminar 2024 ruwa ya karya gadar Namnai da ke kan titin Jalingo zuwa Wukari, motoci suka koma jiran kwale-kwale da jirgin fito. Wanda ya taso a daren da abin ya faru, wayarsa ba za ta gaya masa ba, direban da ya juyo daga can ne zai gaya masa. Ga shi kuma akwai wurare tsakanin Bali da Serti, da kan dutsen kansa, inda sabis ke ɗaukewa gaba ɗaya, ka riƙe waya a hannu ba ta tsinana maka komai.

Kakanninmu fatake sun yi tafiyar da ta fi wannan nisa da jakuna, har Gwanja neman goro, har Banyo da Tibati da Ngaundare a ƙasar Adamawa ta da. Ba su taɓa fita ɗai-ɗai ba. Ayari ake yi, da madugu mai yanke shawara, da jagaba mai wucewa gaba ya dubo hanya da zango, kuma tun kafin a tashi an san inda za a kwana da inda ruwa yake. A shekarun 1880, Bature ɗan Jamus mai suna Eduard Flegel, da ya so ratsa Adamawa, duk da kayan awonsa da taswirarsa sai da ya nemi madugan Hausawa, cikinsu har da Madugu Mai Gashin Baki, wanda ya tafi da shi har birnin Balin a 1884. Addininmu ma ya kyamaci mutum ya yi tafiyar dare shi kaɗai, ya kuma umarci matafiya in sun kai uku su naɗa ɗaya shugaba. To kai da wa za ka yi shawara in taya ta fashe maka a dokar daji bayan la'asar? Wa zai sa maka dutse a bayan taya in mota ta mutu a tsakiyar hawa?

Shawarata ta farko, wadda ta fi duk sauran nauyi, ita ce zuwan farko ka bar motarka a gida. Ka ɗauki ɗan samfurin mazarƙwailar a jaka, ka shiga motar haya zuwa Jalingo, can ka nemi tashar masu zuwa Gembu, ka biya kuɗin gidan gaba ko da ya fi tsada, ka zauna kusa da direba. Kada ka yi barci, kada ka toshe kunne da waƙa. Ka sa ido ka ga inda yake rage giya, inda yake danna hon, inda yake tsayawa ya bar mota ta huce, da shingayen da yake sauka ya gaisa. In ka saya masa goro ko ruwan sanyi ka tambaye shi da ladabi, zai gaya maka abin da shekara goma ta koya masa. Da ka isa kuma ka zaga kasuwar Gembu da ta Nguroje, ka ji ko ana neman kayanka, nawa ake saye, su wa ke kawowa, kuma me za ka ɗauko in za ka dawo, ayaba ce, ko fiya, ko zuma, ko ganyen shayin Kakara. Kuɗin motar da za ka kashe a wannan zuwa bai kai kuɗin taya biyu ba.

Sai maganar lokaci. Watan Agusta da ka zaɓa shi ne tsakiyar ruwa. Daminar Mambila ba irin tamu ba ce da ke sauka a Mayu ko Yuni ta ɗauke a farkon Oktoba. Can tun wajen Maris ake fara ruwa, ba ya ɗaukewa sai Oktoba ko Nuwamba, kuma abin da ke zuba a shekara ya kusa ninka namu. A irin wannan lokaci ne ƙasa ke zaftarowa daga jikin dutse ta rufe titi, ƙananan gadoji su tafi, hanyoyin ƙauye masu jar ƙasa su zama santsi tsantsa. Shi ya sa har yau za ka ga tsofaffin Land Rover na aiki a kan dutsen, su da babura, don su ne ke iya shiga inda ƙaramar mota ba ta isa. Ka kuma tuna halin kayan da ka ɗauko. Mazarƙwaila ba ta shiri da laima, tana jin danshi za ta fara gumi, ta yi laushi, ta manne da juna a cikin buhu, mai saye ya taya ta yadda ya ga dama. Ka bari a yi kaka, a fara yankan rake ana dafa sabuwa, hanya ta bushe. Daga Disamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin mai zuwan fari.

In Allah ya kai mu lokacin, ka raba tafiyar zango-zango, kada ka ce za ka shanye ta a zama ɗaya. Ka yi sallar asuba a gida, ka bi ta Pambeguwa da Saminaka zuwa Jos, ka gangara Bauchi, wajen kilomita 130, daga nan Gombe, wajen kilomita 150, ka kwana. Wasu za su ce ka yanke ta dajin Falgore ko wata hanyar da ta fi kusa. Kada ka yanke wannan shawara a gida, ka tambayi 'yan yuniyan a tasha ana gobe za ka tashi, don lafiyar hanya a ƙasar nan tana sauyawa daga mako zuwa mako. Rana ta biyu ka bi ta Billiri da Kaltungo, ka haye gadar Binuwai a Numan, ka shiga Jalingo. Titin Numan zuwa Jalingo ya daɗe yana ba direbobi wahala, ka ba shi lokacinsa. In rana ta yi nisa ka kwana a Jalingo, washegari ka bi ta Garba Cede da Bali zuwa Serti. Duk yadda ka ga da sauran rana, in ka isa Serti bayan la'asar ka yada zango. Dutsen nan da safe ake hawansa, da ido garau da mota mai sanyi. Tafiya ce da ta ninka nisan ƙasaru sau da yawa, saboda haka Allah ya sauƙaƙa maka salla, babu dalilin da zai sa ka bar ta ta wuce ka don kana sauri.

Yanzu bari mu zo kan motar. Na ga tayoyinka ranar da ka kawo hatsi gida. Biyun baya sun suɗe, ɗaya ma har ta fara tsagewa a gefe. Ka duƙa ka duba jikin kowace taya, za ka ga lambobi huɗu a jere cikin ɗan zagaye: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekarar. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha jan kunne cewa tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa ta gama aiki ko da zanenta na nan. Ka sauya waɗannan biyun, ka tabbata safaya na da iska, jak na ɗagawa, sifanar taya ta dace da notinanka. Ka sa bakanike ya cire tayoyin ya duba takalman birki da idonsa kana tsaye, kada ka yarda da "ai lafiya lau suke". Ya zubar da tsohon man birki ya zuba sabo, zan gaya maka dalili nan gaba. Ya wanke lagireto, ya duba robobin ruwa da fanka da fanbel, ka kuma sayi fanbel na ajiya ka jefa a but tare da galan na ruwa, da baƙin mai, da tocila, da igiyar ja, da katakon weji guda biyu. Waifa da fitilu su zama suna aiki. Takardun mota, lasin da inshora, su cika, ka haɗa da abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku. Shingaye suna da yawa a hanyar, kuma mai cikakkun takardu da sakin fuska shi ke wucewa da wuri. In an tsayar da kai ka rage gilashi, ka yi sallama, kada ka ɗaga murya ko da kai ke da gaskiya.

Lodi kuwa, na san yadda kuke yi a nan: a cika but, a cire kujerar baya, a ɗaura wani a sama, har salansa na jan ƙasa. A titin Zariya mota na iya jurewa. A kan dutse iska ta fi sirantaka, injin ba ya samun numfashin da ya saba, duk hawan mita 300 yana rasa kamar kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa. Ka lissafa da kanka abin da zai rage wa motarka a mita 1,600. Ruwa ma a can ba ya jiran zafin da yake tafasa a nan, yana kaiwa wajen digiri 95 zai tafasa, shi ya sa murfin lagireton da ya saki yake zama masifa. Ka rage kashi ɗaya cikin uku na abin da ka yi niyyar ɗauka, mai nauyi ya zauna a ƙasa kuma a tsakiya, saman mota ka bar shi babu komai, don lodin sama shi ke kifar da mota a kwana.

Da ka bar Mayo Selbe hanya za ta fara miƙewa sama. Ka shiga giya ta biyu tun kafin mota ta fara kuka, kada ka jira sai ta shaƙe sannan ka nemi sauyawa a tsakiyar kwana, nan ne take mutuwa ta fara komawa da baya. Kada ka ɗora ƙafa a kan kuloci kana tafiya, ƙone shi za ka yi. Ka kashe na'urar sanyi. Ido ɗaya a kan titi, ɗaya a kan allurar zafi. In ka ga ta haura rabi tana neman ja, ka nemi wuri mai faɗi ka faka, ka ja birkin hannu, abokin tafiyarka ya sa weji, ka buɗe bonet ka bar injin na aiki a hankali har allurar ta sauko. Kada ka kuskura ka taɓa murfin lagireto da zafinsa. Na ga yaron mota da ya buɗe shi da tsumma yana gaggawa, ruwan ya yi tsiri ya wanke masa hannu da gefen fuska, fatar ta saɓule nan take, ga shi babu asibiti kusa. In dutse ka sa a bayan taya maimakon katako, ka ɗauke shi daga kan titi kafin ka tashi. Duwatsun da direbobi ke bari a kan kwalta sun kayar da masu babur da yawa cikin duhu, kuma alhakinsu na wuyan wanda ya bari. Za ka wuce wuraren da direbobi ke ambata da girmamawa, irin su Hawan Biyu da Sisi da Kwanar Durom. Kowace kwana da ba ka hango bayanta, ka danna hon, ka tsaya a hannunka, kada ka yanke ta. Kada ka wuce babbar mota a hawa sai yaronta ya miƙo hannu ya ba ka hanya, kada kuma ka manne mata a baya, don in ta zame da baya kai za ta fara samu.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan saukowa. Yawancin waɗanda dutse ya ci, a hanyar dawowa ya ci su, sun sayar da kaya, aljihu ya yi nauyi, hankali ya riga ya isa gida. Ka ji yadda abin yake. In mota na gangarowa, nauyinta da na kayanta tura ta suke yi, kamar yadda mangala ke tura jaki a gangaren rafi. In ka bar wannan aiki duka a kan birki, takalman za su yi ta gugar ƙarfe har su yi zafin da ba sa iya kamawa. Za ka fara jin ƙauri, ka ji kana takawa da ƙarfi mota ba ta amsawa. Man birki kuma yana da halin shan danshi daga iska a hankali, in ya tsufa ruwan da ke cikinsa ya yi yawa, zafin nan sai ya tafasa shi ya zama tururi a cikin bututu. A lokacin ne za ka taka birki ka ji ya tafi har ƙasa babu komai. Wannan shi ne shanyewar birkin da kake ji ana faɗa a Hawan Kibo, kan hanyar Jos zuwa Akwanga, inda aka yi asarar rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu. Mafi yawan lokaci ba wani abu ne ya tsinke ba, zafi ne direba ya tara da ƙafarsa.

Maganinsa shi ne ka sauko da giyar da ka hau da ita. Inda ka hau da ta biyu, ka sauko da ta biyu, inda ka hau da ta ɗaya, ka sauko da ta ɗaya, ka bar injin ya riƙe motar. Zai yi ƙara, ka bar shi ya yi, ba abin da zai same shi. Birki kuwa ka riƙa taka shi da ɗan ƙarfi na ɗan lokaci kafin kwana, gudu ya ragu, ka ɗaga ƙafa ya sha iska. Kada ka ɗora ƙafa a kai kana ja tun daga sama har ƙasa. Da ka ji ƙauri ka tsaya a wuri na farko da ya samu, ka ba shi rabin sa'a, kuma kada ka watsa masa ruwa, ƙarfen zai iya lanƙwashewa ko ya tsage. Sannan ga wata mummunar ɗabi'a da ta yaɗu a cikinku tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023: da an ga gangara sai a saki mota a firi, wani ma ya kashe injin ɗungurungum wai yana tattalin fetur. Ɗana, na roƙe ka don girman Allah kada ka yi wannan a kan dutse. In ka kashe injin, abin da ke taimaka wa ƙafarka wajen taka birki ya mutu, taku biyu ko uku birkin zai ƙage, sitiyari ya yi tauri, in makulli ya juya da yawa ma ya kulle. Kuma ribar da ake nema babu ita, don motoci masu injekta irin taka, in suna cikin giya a gangara ƙafarka ba ta kan totur, kusan ba sa shan mai sam. In hanya ta matse kun yi kiciɓis da mai hawowa, kai mai saukowa ka ba shi wuri, don shi in ya tsaya tashi zai yi masa wuya.

Akwai kuma hazo. Ba irin na hunturunmu mai ƙura ba, gajimare ne da kansa ke sauka a kan titi, fari fat, ka kasa ganin abin da ke gabanka da taku goma. Kada ka kunna babbar fitila, haskenta dawo maka zai yi a ido. Ka kunna ƙarama, ka rage gudu, in ya yi yawa ka sauka daga kan kwalta gaba ɗaya a wuri mai faɗi ka jira. Shanu ma suna fitowa kan hanya ba zato, don ƙasar kiwo ce, ƙudan tsando bai dame ta ba, Fulani sun cika ta da garkuna. In tsautsayi ya sa ka taɓa dabbar wani, ka tsaya a nemi mai ita a sasanta a gaban manya. Gudu ba zai fisshe ka ba, hanyar fita ɗaya ce.

Sanyi kuma ka shirya masa. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kamar digiri 6, ga iska ga laima. Ka tafi da bargo da rigar sanyi da safa da takalmi rufaffe. Abin da nake jin tsoro shi ne abin da baƙi kan yi in sanyin dare ya kama su, su shigo da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa da taga su kwanta. Gawayi na fitar da wata iska da ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci za ta ɗauke shi. Haka ma kwana a cikin mota da injin a kunne gilashi a rufe. Ka ji ɗumin a waje, ka bar wutar a waje.

Fetur ka cika tanki a Jalingo, ka ƙara a duk inda ka samu gidan mai na kirki a gaba, kada ka bari allura ta sauka ƙasa da rabi. A kan dutse mai ya fi tsada, wani lokaci sai a wajen 'yan bumburutu, kuma na jarka ba a rasa shi da gauraye. Kuɗi kuma ka raba su: kaɗan a aljihu na hanya, wasu a ɓoye a jiki, sauran a banki. Ka ga abin da ya faru a farkon 2023 da takardar naira ta yi wuya, ka kuma san mai POS ba ya aiki inda babu sabis. In ka sayar da kaya kada ka ƙirga kuɗi a bainar jama'a, kada ka faɗa wa kowa ranar da za ka sauko sai mai masaukinka.

Shi mai masaukin nan tun daga nan za a nema maka shi. Akwai Hausawa 'yan kasuwa da suka daɗe a Gembu da Nguroje, kuma ta hanyar dillalan rake da direbobinmu ba za a rasa wanda ya san wani ba. Da ka sauka, ya kai ka ka gaida shugaban Hausawan wurin da shugaban tasha, a san da zamanka. Ƙasar ta Mambilawa ce da Kaka da Panso da Kambu da Fulani, Musulmi da Kirista, kuma Fulatanci ya fi Hausa tafiya a wurare da yawa, ka koyi ko da gaisuwa ce. A watan Yunin 2017 an yi mummunan rikici a can kan filaye tsakanin manoma da makiyaya, an rasa rayuka da dukiya, kuma mikin bai gama warkewa a zukatan mutane ba. In ka ji an ɗauko zancen ƙasa ko na ƙabila a teburin mai shayi, ka sha shayinka ka yi shiru, ba a gayyace ka alƙalanci ba. Kada ka ɗauki hoton mutane ko matansu ko shanunsu sai da izini.

Ka kuma sani kana bakin iyaka. Wannan yanki a da yana ƙarƙashin Jamus ne, sannan Ingila ta riƙe shi, sai a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 mutanensa suka zaɓi Najeriya, aka kira shi Lardin Sardauna don girmama Sa Ahmadu Bello, sunan da ƙaramar hukumar ke amsawa har yau. Kamaru na nan kusa, akwai hanyoyin babur da za su kai ka cikinta ba ka ma lura ba. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, kuma ɓangarenta mai magana da Turancin Ingilishi yana fama da rikici tun 2016. Duk wanda ya ce ka zo ku leƙa ku sayo kaya da araha, ko ya ba ka wani ƙunshi ka sauko masa da shi Jalingo ba ka ga cikinsa ba, ka ba shi haƙuri. Haka masu zuga ka zuwa ramukan haƙar dutse mai daraja a Mayo Sina, ba abin da ya kai ka ke nan ba. In kuma sha'awar kallo ta kama ka, gandun dajin Gashaka Gumti, wanda aka kafa a 1991 kuma ya fi kowane girma a ƙasar nan, ofishinsa na Serti, a cikinsa ne dutsen Chappal Waddi mai mita 2,419 yake, wanda babu kamarsa tsawo a Najeriya. Ana shiga da izini da ɗan rakiya daga ma'aikatansa. Naman daji da za a tallata maka a bakin hanya kada ka saya, laifi ne da zai iya kai ka gaban alƙali.

Kullum ka yada zango ka kira gida, ka faɗi garin da kake da garin da za ka kwana gobe. Lambar mahaifinka da tawa da ta mai masaukinka ka rubuta su a takarda ka sa a aljihun gaba, don waya na mutuwa, tana kuma faɗuwa. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122.

Abin da nake nema a wurinka yanzu guda uku ne. Ka janye ranar nan ta Agusta. Ka je wajen mahaifinka yau, kafin ka kwanta. Ranar Juma'a kuma bayan an sauko daga masallaci ka zo da motar, mu tafi wajen bakanike tare a cire tayoyin nan a gabana, daga nan mu zauna mu tsara zuwanka na farko a motar haya, da wanda zai raka ka in lokacin tafiya da taka ya yi. Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka.

Baffanka.